Azumin da Na Kasa Fita daga Takaba

Azumin bana cikin sanyi ya zo, irin sanyin Jidda da mutumin Katsina zai yi wa dariya. Jiya da la'asar ina tsaye a bakin baƙala, wato ɗan kantin unguwa, ina jiran a auna min gyaɗar kunu, sai na ji wata yarinya tana ce wa ƙawarta wai ƙishirwa za ta kashe ta. Na kalle ta na ce a raina, ke dai ba ki ga azumi ba. Daga nan zuciyata ta tafi shekara goma sha wani abu baya, azumin da ya faɗo a tsakiyar zafi, wanda na ƙare shi ina koyon fita ƙofar gida da girmana da furfurata.

A lokacin muna Sharafiyya, hawa na biyu a wata tsohuwar imara, irin benen nan na haya mai gidaje da yawa, ɗaki biyu da kicin. Maigidana, wanda mutanen nan suke kira Abu Salma, ma'aikacin sito ne a tashar jiragen ruwa. Wata safiya ya fita lafiyarsa lau, har yana min tsiya wai shayina ya huce. Kafin azahar aka kira waya aka ce ya faɗi a bakin ƙofar sito. Zuciya ce ta tsaya, ko asibiti ba a kai shi da rai ba.

Na yi takaba wata huɗu da kwana goma kamar kowa. Ba turare, ba kwalli, ba lalle, ba fita. Salma, 'yar da ita kaɗai Allah ya bar mana, ta tare a wajena da ƙaramin cikinta, don mijinta Bashir direba ne a wani gida can Abhur, sai Juma'a yake zuwa. Zaman bai dame ni ba, har ina mamakin matan da suke ƙirga kwanaki.

Ranar fitar takaba, cikin Sha'aban, mata suka cika gidan. Aka yi min wanka da sabon kaya, aka turara ni, aka ce lalle sai na dawo daga zagayen godiya. Wadda za ta raka ni ita ce Hajja Asha, maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa, Bahaushiyar Sudan mai sayar da ƙosai da sambusa, mace mai baki kamar reza amma ba ta iya ganin mutum cikin wahala. Muka sauko bene muna hira. Muna kaiwa bakin layi rana ta buge ni a fuska, motoci suna ta hon, sai ƙirjina ya fara dukan uku-uku. Na ja numfashi ya ƙi shiga. Yatsuna suka mutu, titi ya karkace, gumi ya jiƙe ni har cikin takalmi. Na ce shi ke nan, abin da ya ɗauke maigidana ne ya dawo ɗaukata. Na durƙushe a gaban mai gyaran taya ina kalmar shahada da ƙarfi.

Hajja Asha ta kai ni ƙaramin asibitin unguwa. Likitar mace ce, ta manna min wayoyi a ƙirji, ta duba takarda, ta ce zuciyata ta fi tata lafiya. Ta ce ciwon firgici ne, jiki ne yake tsorata kansa ba tare da wani abin tsoro ba. Yakan taso, ya kai ƙarshensa, ya sauka, kuma ba ya kisa. Ta rubuta min ƙwaya, ta ce in riƙa fita kullum ko taku goma ne, in kuma ya taso kada in gudu gida, in tsaya ya wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na ga mutuwa da idona, wata za ta ce min tsoro ne? Na dawo na jefa ƙwayoyin cikin tukunyar da ba ma girki da ita, na rufe ƙofa.

Kwana uku bayan haka na gwada sauka ni kaɗai, abin ya kama ni a matakala ta biyar. Daga nan ban sake gwadawa ba. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne yadda mata suka ɗauki zancen. Sai ka ji ana cewa, “Kun ga Rabi? Ta ƙara wa kanta takaba. Wannan ita ce matar da ta san darajar miji.” Ni kuwa sai in sunkuyar da kai ina jan carbi, ina karɓar yabon da na san ba nawa ba ne. Aka zo da zancen lalle na ce a bari tukuna, suka ƙara yabona.

To amma takarda ba ta san takaba ba. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a ƙarƙashin sunan maigidana take, ya tafi ta bi shi. Bashir ya yi ta faɗi-tashi har wata tsohuwa da ta ɗanɗana wainata ta yaba, mahaifiyar kafilinsa, wato ubangidan da yake wa tuƙi, ta yarda ta ɗauke ni a matsayin mai girki. An gama komai, saura basma, wato ɗaukar zanen yatsu, abin da ba wanda zai yi wa wani. Aka ce lallai in je kafin a rufe ofisoshi hutun Sallah. In na wuce wannan wa'adi, sai fita ƙasar gaba ɗaya. Salma kuwa haihuwarta a bakin Sallah take, ba ta da kowa a garin nan sai ni. Wani lokaci har dariyar takaici nake yi, in ce ko korar ce ma ai sai na sauka benen nan.

Haka azumi ya kama mu. Zafin shekarar ba irin na gida ba ne da za ka shiga inuwa ka huta. Iska ce mai nauyi daga teku, jiƙaƙƙiya, bango ma gumi yake yi. In ka shanya zane da safe, da yamma ka ɗauke shi da danshinsa. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani tana ɗigar da ruwa a bokiti, wannan ruwan da shi muke goge ƙasa, don famfo yakan yi kwana huɗu bai ce uffan ba, sai mazan imara sun je sun yi layin tankar ruwa. Yanzu jikokina da waya suke kiran ruwa ya zo har ƙofa.

Aikin azumi a barandarmu ake yinsa, tsakanin ƙofata da ta Hajja Asha. Tun da hantsi mu jiƙa wake. Bayan azahar a surfa, a wanke, a markaɗa. Mata huɗu ko biyar mu zauna a tabarma muna naɗe sambusa, leɓe a bushe, ba mai son magana. In la'asar ta yi a dama kunun gyaɗa, a ɗora mai, hayaƙi ya cika matakala, yunwa ta riƙa murɗa ciki. Duk abin da ake yi a zaune na fi kowa hannu. Amma da zarar Hajja Asha ta ɗauki tirenta za ta sauka bakin layi, sai in tuna ina da wanke-wanke a ciki.

Akwai al'adar da muke yi a layin, mu da Larabawa da 'yan Yaman duka. Kafin a sha ruwa kowa yakan aika wa maƙwabci ɗan abin da ya dafa. Kwanon da aka aiko ba a mai da shi wayam, ba a kuma barinsa ya kwana, yin haka raini ne. Salma ce take kai namu. Ran uku ga wata ta dawo da kwanon Hajja Asha a hannu, da wainar a ciki.

“Ummi, Hajja ta ce ba ta karɓa daga hannuna.”

“Saboda me?”

“Ta ce wadda ta ci ita za ta kawo. Halas, shi ke nan, haka ta ce.”

Na leƙa na ga ƙofarta a buɗe, tana zaune tana fifita. Taku shida ne, na kai mata ina harararta. Washegari kwanon da ya zo na matar hawa na ɗaya ne, ita ma ta ce sai daga hannuna. Jibi na matar mai gadi, can ƙasa kusa da ƙofar waje. Nan na gane an haɗa baki. Na samu Hajja Asha na ce, “Hajja, wannan wane irin wulaƙanci ne? Kin san halin da nake ciki.”

Ta ce, “Aiwa, na sani, ai ni na kai ki wajen likita. Su can ki yi musu takaba, ni kada ki yi min. Ya Rabi, saura kwana nawa a rufe ofisoshi?”

Na juya zan koma ɗaki, ta bi ni da magana.

“To ki riƙe kwanon mutane ya kwana, gobe a ce matar Abu Salma ta raina maƙwabta. Zaɓi naki ne.”

Ta san ni sarai. Ina tsoron mutuwa, amma a ce na riƙe kwanon wani, wannan ba zan iya ba. Haka na riƙa sauka, hannu ɗaya a bango ɗaya da kwano, miya tana zuba a gefe. Matakala ashirin da biyu ce, har yau ban manta ba. Kullum sai abin ya taso, kullum sai in miƙa kwano in juyo da gudu ko amsa gaisuwa ban yi ba.

Ran tara ga wata kwanon ya fito daga gidan da ke tsallaken layi. Na buɗe ƙofar waje, zafi ya daki fuskata kamar an buɗe murhu. Na yi taku bakwai, wata mota ta danna hon a bayana. Kwanon ya suɓuce, kunu ya malale a ƙasa, na hau bene da rarrafe. Kwana uku ko baranda ban fita ba. Na kwanta ina jin ana kiran sallar magariba, in sha ruwa in koma in kwanta.

A rana ta uku Salma ta shigo, ƙafafunta sun kumbura, tana riƙe da ƙugu. Yarinyar nan a Jidda aka haife ta, in ranta ya ɓaci Hausarta guduwa take yi.

“Ummi, leish? Me ya sa? Abuya ya tafi, ke ma za ki tafi? Wallahi in suka saka ki a jirgi, ni wa zai kama min jariri? Wa zai yi min wankan jego? Ana ma a'raf shai, ban san komai ba!”

Ta ajiye wani abu a kan katifa ta fita tana kuka. Ƙwayoyin ne, ashe ta daɗe da ganinsu a tukunya. A ranar bayan na sha ruwa na haɗiyi ta farko. Ba zan ce ta yi aiki nan take ba, likitar ma ta ce sai a hankali. Amma washegari na tashi na dama kunu, na nemi sabon kwano na biya wanda na fasa.

A tsakiyar layin abin ya sake kama ni. Wannan karon na tuna maganar likita, na jingina da wata mota da aka ajiye, ƙarfenta yana ƙona min kafaɗa. Na ce to, in mutuwa ce ta same ni a nan, na gaji. Ƙirjina yana bugawa har cikin kunne, harshena ya manne, ga ƙishirwar azumi. Na zuba wa kwanon ido ina kallon tururin kunu. Ban san minti nawa ba, sai na ji abin yana sassautawa da kansa, numfashi ya fara shiga. Na ɗaga kai na ga mai tamis yana ta fitar da burodi daga tanda, ko kallona bai yi ba. Na tsallaka na kai kwanon, har na tsaya aka gaisa.

Daga nan kwano ya yi ta nisa. Gidan bayan masallaci, gidan kusa da baƙala, har bakin babban titi inda Hajja Asha take kasa tirenta. Wata rana lafiya lau, wata rana sai na tsaya sau uku a hanya. Bashir ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, “Umma, an ba mu ranar Litinin, ashirin da biyu ga wata.” Na ce Allah ya kai mu.

Ran Lahadi bayan an sha ruwa matan imara suka shigo da murna, Hajja Asha a gaba da kwanon lalle. Ta ce, “Yau kam takaba ta ƙare. Ba za ki shiga cikin mutane da hannu fari kamar marar gata ba.” Ta yi min irin nasu na Sudan, wanda ake tsoma kan yatsu gaba ɗaya, ta maimaita har ya yi baƙi wuluk. Ana ta guɗa ƙasa-ƙasa, ana tsokanata wai saura miji. Mu shida a ɗakin, ba wadda ta tuna abin da za a je yi da yatsun nan gobe.

Tafiyar Litinin ba na son tunata. Na zauna a bayan motar Bashir na rufe ido, na damƙe hannun Hajja Asha har ta ce zan karya ta. A ofishin, ɓangaren mata cike yake, ga kukan yara ga warin gumi. Awa biyu muna jira, sau biyu abin yana tasowa ina tsayawa. Da aka kira lambata na ɗora yatsuna a kan gilashin, na'urar ta nuna ja. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, na sake ɗorawa, ja. Ta juya hannuna ta duba, ta yi tsaki.

“Ya hajja, wa ya ce ki sa lalle? Na'ura ba ta ganin komai. Ki dawo in ya goge. Alhamis ce ranar ƙarshe.”

Muna isa gida Hajja Asha ta zauna a matakala ta fashe da kuka, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba. Tana cewa, “Ni na kashe ki, ya Rabi, da hannuna.” Ni kuwa haushi ya cika ni. Duk ƙarfin da na tara na kwana ashirin na kashe shi a tafiya ɗaya, aka ce in sake.

Kwana uku muna fama da yatsu goma. Lemon tsami da gishiri, man zaitun, ruwan ɗumi, toka. Wata ta kawo dutsen goge ƙafa, Salma ta ƙwace ta ce in fatar ta sule zanen ma tafiya zai yi. Ga ruwa ya ɗauke, da kofi muke aunawa. Yatsuna suka yi ja suna zafi, baƙin ya koma ruwan ƙasa, amma bai fita duka ba. Ina jiƙa hannu ina kallon cikin Salma da ya sauko.

Alhamis da hantsi, ina saka abaya, naƙuda ta kama ta. Bashir da ya zo kai ni ofis ya rasa inda zai sa kansa, mota ɗaya, hanya biyu. Ya ce, “Umma, bari in kai ta in dawo in ɗauke ki.” Na san cunkoson ƙarshen azumi, in ya tafi ba zai dawo kafin a rufe ba. Na ce Hajja Asha ta bi su, ni zan nemi tasi. Duk suka tsaya suna kallona. Salma tana cije leɓe ta ce, “Ummi, ke kaɗai?” Na ce, “Ku tafi mana, ko a matakala za ki haihu?”

Ƙarfin hali ne kawai na baki. Suna ɓacewa na tsaya a bayan ƙofar waje na fi minti goma, hannuna a kan sakata. Na fita. Na wuce mai gyaran taya, na wuce masallaci, na kai babban titi na tare tasi. Direban yana ta sauraron karatu a rediyo, ni ina baya ina ƙirga numfashi, na buɗe tafin hannuna a kan cinya don kada gumi ya jiƙa yatsun.

Layin ranar ya fi na Litinin, kowa ya bari sai ranar ƙarshe. Saura mutum uku a gabana abin ya taso da dukkan ƙarfinsa, irin na ranar farko. Idona ya yi duhu, ƙafafuna suka ce mu tafi. Ga ƙofa can a buɗe. Na kama bayan kujera na riƙe, na ce a raina, yi abin da za ka yi, ni dai ina nan. Aka kira lambata yana kaina, haka na taka na je.

Ma'aikaciyar nan ce dai. Ta miƙo min tishu ta ce in goge hannu. Yatsu huɗu na dama, kore. Huɗu na hagu, kore. Manyan yatsu biyu, inda lallen ya fi kamawa, ja. Ta sake, ja. Ta kalli agogo, ta kalle ni. Sai ta ɗora nata hannun a kan nawa ta danne, ta ce, “Shuwayya-shuwayya, a hankali, ya ummi, kada ki motsa.” Na daina numfashi. Na'urar ta yi ɗan ƙara.

“Halas. Mabruk. Ta gaba!”

Na fito rana tana tsaka, titi yana ta hayaniya, ƙirjina bai gama sauka ba. Wayata ta yi ƙara, Hajja Asha ce.

“Ya Rabi, an yi?”

“An yi.”

“Alhamdu lillahi! Kina ina yanzu?”

“Ina waje.”

Na ji tana jan hanci. Can ta ce, “To ki koma gida ki huta, ba ta sauka ba tukuna. Sai dai tana ta kiranki.”

Asibitin yana can wani gefen gari, unguwar da ban taɓa takawa ba. Na ce, “Faɗa min sunan titin.” Ta faɗa, na maimaita sau biyu don kada in manta, na matsa bakin hanya na ɗaga hannu.